Haƙoran Kifin Malam Yohanna

Duk tsawon shekarun da na yi a aikin koyarwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Malam Yohanna ya shigo ofishina da gwangwanin madara a hannu, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Yallaɓai, ga su nan. A yi yadda aka ga dama da su." Tunda kun nemi in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai in koma gida, wannan zan ba ku, musamman ku da ba ku daɗe da fara aikin ba.

A lokacin ina shugaban wata sakandaren jeka-ka-dawo ta maza da mata, a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗanbatta. Kun san yankin: gona manne da gona, in ka fita daga wannan unguwa kana hango rumbunan waccan. Magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Ga wanda bai san tsarin ba, shugaban makaranta yana da mataimaka biyu, na mulki da na karatu. Sama da shi akwai ofishin shiyya, sama da shiyya akwai ma'aikatar ilimi. Amma a gefe akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai dagaci, akwai liman. Waɗannan ba sa cikin jerin shugabanninka a hukumance, sai dai in ba su yarda da kai ba, aji zai zauna babu kowa.

Malam Yohanna shi ne babban malaminmu na ilimin halittu, kuma na tarar da shi a makarantar. Bahaushe ne daga wani ƙaramin ƙauye da ke gaba da mu. Kakanninsa addinin gargajiya suka bi, mahaifinsa ne ya shiga Kiristanci. Dogo ne, mai magana a hankali, kullum a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Shi ke gyara mana famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace. In azumi ya zo, da kansa yake karɓe darussan rana na abokan aikinsa, ya bar musu na safe.

Ɗakin gwajinmu suna ne kawai, babu komai ciki sai tebura da kwalabe. Saboda haka Malam Yohanna ya saba shiga aji da abu a hannu. Yau ƙashin kan akuya, gobe saƙar zuma, jibi tushen gyaɗa da ƙasarsa. Abin da ya fi ji da shi kuwa shi ne wannan gwangwani. A ciki akwai wasu haƙora naɗe da auduga, waɗanda ya tsinto tun yana ɗalibi a kwaleji, lokacin da aka kai su yawon nazari can wajen Sakkwato inda ake samun farar ƙasa. Sun riga sun zama dutse, launinsu tsakanin toka da ƙasa-ƙasa. Kowanne kamar kan kibiya yake, da ƙananan tsini a gefe da gefe, babban cikinsu bai wuce gaɓar yatsa ba.

Cikin ayyukan shugaban makaranta akwai shiga aji lokaci-lokaci ya zauna a baya ya ga yadda malami ke koyarwa. A zango na biyu, zafi ya fara tsanani, na zauna a darasinsa na aji biyu na babbar sakandare, kuma ranar ce ya kawo gwangwanin. Ya ce wa yaran haƙoran wani kifin teku ne, dangin kifin shak, wanda masana ke kira Kiretalamna. Irinsa ya ƙare a duniya tun shekaru miliyoyi, babu ko ɗaya da ya rage. Ya ce jikin irin wannan kifi guringuntsi ne, ba ƙashi ba, shi ya sa in ya mutu komai ke ruɓewa, haƙoran kaɗai ke saura. Sannan ya faɗi abin da ya sa ajin ya yi tsit: wurin da ya tsince su, inda yau ake noma gero ana kiwon raƙuma, a wani zamani ruwan teku ne ya rufe shi.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Sunanta Rabi, 'yar Malam Garba mai lambun albasa, ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajin. Ta ce, "Malam, to ina ruwan ya tafi?"

Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Ya yi mata bayanin yadda ƙasa ke ɗagawa a hankali, ruwa ya riƙa ja da baya. Ta sake cewa, "To me ya kashe kifayen duka?"

Ya ce, "Wannan har yanzu ba a gama sani ba. Sai ki yi karatu ki zo ki faɗa mana."

Ya ba su haƙoran suna miƙa wa juna. Da ɗaya ya zo hannun Rabi sai ta danna tsinin da babban yatsa don ta ji ko da gaske yana da kaifi. Ya ɗan yanke ta, jini ya fito kaɗan. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ashe har yanzu yana cizo!" Ya wanke mata da ruwa da sabulu, aka ci gaba da darasi. Da na fito na gaya masa na daɗe ban ga darasi mai daɗi irin wannan ba.

Makon bai ƙare ba Rabi ta kwanta. Ciwon kai da zazzaɓi, aka ɗauka na sauro ne, aka sayo mata magani a kemis. Da wuyanta ya sanƙare, ta fara fita hayyacinta, aka sa ta a mota zuwa babban asibiti a cikin gari. Ba ta dawo ba. Likita ya ce sanƙarau ne. Ma'aikatan lafiya suka zo makaranta suka yi wa yara rigakafi, suka ce mu rage cunkoso a azuzuwa, mu buɗe tagogi. Sun gaya mana cewa a wata unguwa ta kusa ma an samu masu ciwon, waɗanda ba su taɓa taka makarantarmu ba.

Muka tafi ta'aziyya mu malamai gaba ɗaya. Malam Yohanna ya cire takalmi ya zauna a tabarma tare da mu, idanunsa jajur. A nan na fara lura da wani abu. Mutumin da ke kusa da shi ya tashi ya koma wata tabarma. Na gaba da shi ma ya tashi. A hanyar dawowa mataimakina na mulki ya raɗa mini abin da ake faɗa a gari: wai malamin ya kawo haƙoran tsafi aji, wai haƙori ya sha jinin yarinya. Wasu na ƙarawa da cewa ai an san abin da kakanninsa ke yi.

Na ɗauka magana ce ta zafin rashi, za ta wuce. Ba ta wuce ba. 'Yan mata suka fara ɗaukewa daga zuwa makaranta. Wata safiya a wajen taron asambili wata yarinya ta hango Malam Yohanna yana tura babur ɗinsa, ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Wasu biyu suka bi ta. Ba abin da ya same su sai tsoro, amma kafin azahar labarin ya kai kowace unguwa.

Ƙa'ida ita ce in irin wannan ya faru, shugaban makaranta ya sanar da ofishin shiyya, su kuma su turo jami'in sa ido ya bincika. Na je da kaina na sanar. Jami'in ya zo, ya ji ta bakin malamai da yara, ya duba haƙoran, ya je asibiti ya ji ta bakin likita. Ya ce mini babu laifin kowa, kuma haka zai rubuta. Amma ya ba ni shawara in kira taron iyaye da malamai, a yi maganar a fili.

Aka yi taron a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofis. Ban taɓa ganin iyaye sun cika haka ba, har mata sun zo sun zauna a gefe. Dagaci ya buɗe taro. Ma'aikacin lafiya ya yi bayanin yadda sanƙarau ke yaɗuwa ta numfashi a lokacin zafi, ya ce ba ta yanka ake ɗaukarsa ba. Liman ya ce Allah ne ya halicci abin da ke ruwa da abin da ke tudu, na da da na yanzu, kuma kwanan kowa a hannunsa yake. Ya ce shekara da shekaru ya san Malam Yohanna, bai taɓa jin sharrinsa ba, kuma zargi babu hujja zunubi ne.

Sai kawun Rabi, Malam Ila, ƙanen mahaifiyarta, ya miƙe. Ba mugun mutum ba ne, shi ne ya riƙe ta a cikin mota har asibiti, kuma a jikinsa ta cika. Ya ce, "Ni ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne yarinya ta fita lafiya, abu ya yanke ta, muka binne ta. Kifi a Sakkwato? Teku a Sakkwato? Na je Sakkwato da ƙafata, ban ga teku ba. A gaya mana gaskiyar abin da ke cikin gwangwanin nan."

Wuri ya ɗau surutu. Dagaci ya ce malamin ya yi magana. Malam Yohanna ya tashi, mutumin da ke riƙe aji cike da yara da murya ƙasa-ƙasa, amma ranar maganar ta ƙi fita. Ya fara bayanin guringuntsi da farar ƙasa, ya ga babu mai saurare, ya tsaya. Daga ƙarshe abin da ya iya cewa shi ne, "Iyayena, Rabi 'yata ce. Da na san zai jawo ko da ciwon kai ne, da ban kawo ba." Wasu suka ɗauki wannan a matsayin amsa laifi.

A nan Malam Garba, mahaifin yarinyar, ya miƙe. Ya ce a miƙo masa gwangwanin. Ya buɗe, ya ɗauko haƙori ɗaya, ya juya shi a tafin hannunsa, ya danna tsinin da yatsansa kamar yadda aka ce ta yi. Ya ce, "Ranar da ta ga abin nan, a lambu ta same ni ina ban ruwa. Ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ta hana ni aiki da labarin kifin nan har la'asar. Ban taɓa ganin ta cikin murna irin ta ranar ba. Ni ne ubanta, kuma na ji abin da likita ya ce. Kwananta ne ya ƙare. Malam, ba ni da komai a raina game da kai."

Ya mayar da haƙorin, ya rufe, ya zauna ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Mata suka fara kuka. Na ce a raina shi ke nan, magana ta mutu.

Ban san tsoro ba ya jin bayani ba sai a lokacin. Maza suka ci gaba da zuwa, amma 'yan mata kaɗan ne suka dawo. Na bi gida-gida tare da liman da shugaban ƙungiyar iyaye. A kowane zaure za a karɓe mu da mutunci, a kawo ruwa, maigida ya ce, "Malam, ni na yarda da ku. Uwarta ce ta ƙi." Wata uwa ta yi mini magana daga bayan ƙofa, ta ce, "Ko da ƙarya ne, Malam, ɗaya gare ni. Ba zan gwada da ita ba." Ga jarrabawar fita ta matso, 'yan matan aji uku suna zaune a gida, kuma na san wadda ta rasa ta bana da wuya a sake turo ta baɗi.

Ana cikin haka ne Malam Yohanna ya shigo ofishina da gwangwanin. Tare da shi ya kawo takardar neman a canza masa wurin aiki. Irin wannan buƙata ba ta zuwa shiyya sai ta bi ta hannun shugaban makaranta ya sa ra'ayinsa. Na ture ta gefe.

Na ce, "Malam Yohanna, ba zan sa hannu ba. Bincike ya wanke ka, liman ya wanke ka, uban yarinya ya wanke ka. In ka tafi yanzu za a ce da ma gaskiya ne."

Ya ce, "Za a ce, Yallaɓai. Amma yaran za su dawo."

"Mu ƙara haƙuri, za a manta."

"Kafin a manta an gama jarrabawa. Ni na yi tawa tun tuni. Su ne ba su yi ba."

Na ce ya je ya yi tunani. Ya dawo washegari da magana ɗaya. Na je shiyya na roƙi a ba shi hutu na ɗan lokaci maimakon canji, aka ce babu tanadin hutu ga malamin da ba ya ciwo kuma ba a dakatar da shi ba, dakatarwa kuwa tabo ce a aikinsa. Daga ƙarshe na sa hannu, na rubuta a ƙasa cewa ba shi da laifin komai, kuma makaranta ta yi babban rashi. Gwangwanin kuwa, dagaci ya ce a ba shi don hankalin mutane ya kwanta. Na ji an ce a wata tsohuwar rijiya da aka daina amfani da ita aka jefa shi, aka cike da ƙasa. Malam Yohanna bai taɓa tambayata inda aka kai shi ba.

Ranar da zai tafi ya kwashe littattafansa a buhun taki. Mu malamai muka tsaya a baranda. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama, ya nuna wa maigadi yadda ake ɗaure sandar famfo in ta kwance. Muna nan sai ga Malam Garba a kan keke da ƙaramin buhun albasa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ɗaure masa a bayan babur da kansa, ya ce, "Ka kai wa iyali. Allah ya saka maka." Shi ya tura masa babur ɗin har ya tashi.

Makon da ya biyo baya 'yan mata suka dawo, kusan dukkansu. Sun zauna jarrabawa. Sai dai har shekarar ta ƙare ba a turo mana malamin ilimin halittu ba, ni da malamin aikin gona muka riƙa lallaɓawa, kuma sakamakon wannan darasi bai yi kyau ba.

Shi kuma aka tura shi wata makaranta can kudancin jihar, nesa da gonarsa da iyalinsa. Labarin ya riga shi isa. Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba, amma ya gaya mini yara ba sa karɓar komai daga hannunsa, ko alli ne. Bai cika shekarunsa na aiki ba ya nemi ritaya ya dawo ƙauyensu.

Na kai masa ziyara bayan wasu shekaru, da na ji ya samu shanyewar ɓarin jiki. Na same shi a gindin bishiyar kuka a ƙofar gida, matarsa na ba shi kunu da cokali. Bakinsa ya karkace, sai ka matso kake gane maganarsa. Bai tayar da zancen abin da ya faru ba, ni ma ban tayar ba. Yara yake tambaya, da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Na gaya masa wadda ta zama ungozoma, da wadda ke koyarwa a firamare, da wanda ke tuƙa mota zuwa Kano. Duk wanda na ambata sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ce, "Madalla." Da zan tafi ya riƙe rigata ya ce, "Yallaɓai, ina kewar aji." Sai da na yi nisa da gidan na tsayar da mota a gefen hanya, don ba na ganin gabana.

Da damina ta gaba ya rasu. Na je jana'izarsa tare da malamai biyu da Malam Garba. Muka tsaya a wajen ƙaramin cocinsu har aka gama, muka raka shi makabarta. Malam Ila ma ya zo, ya tsaya can nesa a bakin gona, bai matso ba, bai kuma tafi ba sai da aka watse.

Abin da na koya, ku ji shi daga bakina. Aikinmu ba a cikin aji kaɗai yake ba. Mutanen da muke koyar da 'ya'yansu ba miyagu ba ne, ba kuma wawaye ba ne. Suna ba mu abin da suka fi so a duniya kowace safiya, alhali yawancinsu ba su san abin da muke yi da shi a bayan katanga ba. In rashi ya zo, wannan rashin sanin ne ke zama tsoro, kuma a ranar bayani ya makara. Saboda haka ku shiga cikinsu tun ana lafiya. Ku zauna a majalisarsu, ku nuna wa iyaye abin da kuke nuna wa yara, su taɓa da hannunsu, su yi tambaya, su yi dariya. Kuma in hukuma ta wanke abokin aikinku, kada ku ɗauka an gama, domin hukuma ba ta iya mayar wa mutum da ajinsa.

Na ƙara wasu shekaru a wannan makaranta kafin a ɗauke ni. An turo malaman ilimin halittu bayansa, matasa masu ƙoƙari, kuma kowannensu ya ji labarin tun a makon farko. Babu wanda ya ƙara shiga aji da wani abu a hannu in ba alli da littafi ba. Na sha zama a bayan ajinsu ina kallon yara suna kwafar zanen ƙashi daga allo, amma ban taɓa iya buɗe baki na ce wa ɗayansu ya kawo na gaske ba.